Ranar da Kurame Suka Yi wa Bbosa Tafi

Nabbosa na zaune a ƙofar ɗakin girki tana fere ɗanyar ayabar da za a turara, rabin ɓawon a cikin tukunya take zubawa ba ta sani ba. Gwaggo Nalwanga, ƙanwar mahaifinta, ta daɗe tana kallonta ta gefen ido kafin ta fizge wuƙar.

"Ke 'yar nan, in da yunwa za ki kashe mu ki faɗa mana. Mene ne kuma?"

"Gwaggo, saura sati uku a kawo shi gida, har yau Baba bai san Mubiru kurma ba ne."

"To, wa ya ce sai ya sani?"

Mubiru kafinta ne a cikin garin Masaka, zazzaɓin da ya yi yana ɗan shekara huɗu ne ya tafi da jinsa. Nabbosa ta san shi ranar da ya zo gyaran bencin makarantar da take koyarwa, saboda shi ta koyi maganar hannu, har ta kai suna iya yin faɗa da ita su shirya. Son da take masa ba na wasa ba ne, sai dai tsoron ubanta ya girme wa son. Uban nata, Dattijo Bbosa, ya sha faɗa a gaban 'ya'yansa cewa zuriyarsu ba ta san nakasa ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Gwaggo kuwa ta riga ta gama tsara komai. A wurinmu 'yan ƙabilar Baganda, mai neman aure ba ya tunkarar uba, gidan gwaggo yake zuwa, ita ke kai magana. Ranar da za a gabatar da shi ga dangi kuma ba ya buɗe baki, akwai mai magana da yawunsa da ake ɗaukowa, shi nasa ya zauna ya sunkuyar da kai. Uwar yarinya ko ido ba ta haɗawa da suruki.

"Al'ada ta riga ta rufe masa baki, mu me za mu ƙara? In an ɗaura aure an haifi ɗa, yayana ya yi ta tsalle, ba zai mayar da jika ciki ba."

Da Nabbosa ta tambayi abin da za ta gaya wa Mubiru, Gwaggo ta ce ta ce masa Baba ya ji, kuma ya yarda. Haka ta yi. Ranar Mubiru ya ajiye zarto ya zauna a kan katako yana share hawaye, don gida biyu ya taɓa zuwa neman aure aka sallame shi tun daga ƙofa.

Ranar gabatarwa ta zo ta wuce lami lafiya. Gwaggo ta ja yayar Mubiru gefe ta ce a gidan Bbosa wasa da hannu a gaban manya raini ne, sai dai ta riƙa taɓa masa gwiwa in za a tashi ko a zauna. Mai magana da yawun ango, wanda aka riga aka ja wa kunne, ya yi ta zuba zance har makoshinsa ya dushe. Mubiru na cikin farar doguwar riga da kwat, kansa a ƙasa, tsofaffi suna ta yaba shi, wai rabon da su ga suruki mai kunya haka tun zamanin iyayensu. Bbosa ya yi ta washe baki, ya ce a watan Disamba zai ba da takardar yardarsa, wadda in babu ita limamin coci ba ya ɗaura aure.

To, akwai wata mata daga Kampala mai suna Atim, wadda ta yi wata biyar tana bin kuramen Masaka da kyamara. Fim take haɗawa don iyayen da ke kulle irin waɗannan yara a ɗakin baya su gani su ji kunya. Sati guda bayan gabatarwar ta sake zuwa shagon Mubiru ta ɗauke shi a kyamara. Nabbosa tana makaranta, ba ta san abin da ya faɗa ba.

Aka sa ranar nuna fim ɗin, wata Asabar da rana, a zauren coci, aka rufe tagogi da zannuwa. Nabbosa na shiga, sai ga ubanta a layin gaba ya harɗe ƙafa. Ashe Mubiru ne ya aika masa da katin gayyata, haɗe da ƙaton kifi da sukari, wai don ya ba ta mamaki. Ta waiga neman Gwaggo, Gwaggo ta zama kamar an dasa ta a kujera.

Da farko Bbosa kallo kawai yake yana gyaɗa kai irin na tausayi. Aka nuna wata mai ɗinki, aka nuna yara a aji. Sai ga surukinsa ya cika allon fim ɗin, fensir a bayan kunne, hannuwansa na tafiya da sauri, wata murya tana fassarawa.

"Sunana Mubiru. Ban taɓa jin ƙarar gudumata ba, amma ba a taɓa dawo mini da kujera ba. Akwai wani dattijo, Bbosa, ya san ni kurma ne, ya karɓe ni a gaban danginsa ya ba ni 'yarsa. Da ma kowane uba ya zama kamarsa."

Aka kunna fitila. Atim ta ɗauki lasifika ta ce dattijon nan yana cikinmu, don Allah ya miƙe a gan shi. Bbosa ya miƙe, don ba shi da yadda zai yi. Kurame sama da ɗari suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗa su, wanda shi ne tafinsu, zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Wata tsohuwa mai ɗa kurma ta durƙusa a gabansa tana kuka tana godiya. Ya janye rigarsa daga hannunta a hankali, ya fice.

A gida kuwa sai da maƙwabta suka fito. Ya kori Gwaggo ya ce kada ta ƙara taka masa tsakar gida, ya sa aka kwashe kayan gabatarwa aka mayar. Nabbosa ta kama ƙafarsa tana roƙo, ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ni za ki mayar abin dariya? An tsayar da ni a gaban jama'a ana yaba mini kan abin da ban sani ba! Jikokin da ba za su ji na kira sunansu ba za ki haifa mini?"

"Baba, zazzaɓi ne, ba gado ba ne..."

"Da kika san haka, me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Ta saki ƙafarsa, don gaskiya ya tambaya.

Washegari ta je shago. Kayan da aka mayar suna jibge a ƙofa, har zakaran da aka ba wanta yana ɗaure a ƙafar benci. Ta gaya wa Mubiru komai da maganar hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi mata, ko hana shi motsa hannu da aka yi ranar gabatarwa da gaske al'adar gidansu ce. Ta girgiza kai. Sai ya juya mata baya ya ɗauki guduma, kuma kurma in ya juya maka baya ya gama magana da kai ke nan, ko za ka kwana kana ihu.

Disamba ta zo ta wuce. Nabbosa ta rame, ta koma gida tana yi wa ubanta hidima, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, kullum ta tura wa Mubiru saƙo a waya, kullum shiru. Fim ɗin kuwa bai bar Bbosa ya huta ba, ana ta yawo da shi makarantu da coci-coci. A kasuwa baƙi su tare shi su riƙe hannunsa, wani mutum ya ce bayan ya gani ne ya fito da 'yarsa daga ɗaki ya kai ta makaranta. Tsohon ya daina cin abincin kirki. Wata tara ana haka, rannan da safe ya kira Nabbosa ya miƙa mata takardar yardar auren, kansa a ƙasa.

"Mutumin da suke yabo ya fi ni. Na gaji da karɓar gaisuwarsa. Je ki kai masa."

Ko takalmi ba ta sa daidai ba ta hau babur. Ta tarar da Mubiru yana goge ƙafar tebur, ya karɓi takardar ya karanta har sau biyu, ya ninke ta da kyau ya mayar mata a tafin hannu. Ta ce masa Baba ya yarda, yanzu da gaske ne, ta rantse, ta ba shi haƙuri ya fi sau goma. Ya jira ta gama, sannan ya ɗaga hannuwansa a hankali don kada kalma ɗaya ta wuce ta.

"Ki gaishe da Baba, ba ni da riƙo da shi. Shi ya ƙi ni a fili, na saba da wannan tun ina yaro. Ke kuwa kin zaunar da ni a gaban mutum ɗari uku kin ɗaure mini hannu, ina ta murna an karɓe ni. In muka haifi ɗa irina, a wane ɗaki za ki sa shi in baƙi sun zo?"

Ta juya ta fita daga shagon da takardar a hannunta.

Yau shekara huɗu ke nan. Bbosa da kansa ya je shagon sau biyu yana ba da haƙuri, Mubiru ya ba shi kujera, ya ba shi shayi, ya raka shi har bakin titi, maganar aure kuwa bai sake ɗaga ta ba. Nabbosa ta bar tsohuwar makarantarta ta koma ta kurame, ba ta yi aure ba, shi ma bai yi ba. Haƙurinta ya sauko da uban da kowa ya ce ba ya saukowa, amma bai dawo mata da Mubiru ba, ni kuma ba na jin zai dawo.

'Yammata da samari, ku ji ni da kyau. In kun tashi son mutum, ku kai shi gida yadda Allah ya yi shi, a yi faɗan da za a yi tun da wuri. Iyaye suna fushi su huce. Wanda ya gane cewa masoyinsa ma kunyarsa yake ji, shi ne ba ya hucewa.