Yarinyar Da Ta Haddace Gwajin Ido

A makarantarmu ta gwamnati da ke bayan masana'antar taya, a jihar Ohio, akwai wata yarinya 'yar aji uku. Ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Kuma ba ta gajiya da gaya wa mutane hakan.

Wata safiya malaminsu, Mista Haldane, ya ce, "Ku yi layi. Za ku je wajen nas, yau gwajin ido."

Yarinyar ta ruɗe. Gwaji? Ai ba wanda ya ce su yi karatu!

Ta taɓa ƙawarta Marisol. "Ke, wane shafi aka ce a karanta?"

"Wane irin shafi kuma? Haruffa ne a bango."

"To in mutum bai iya ba fa?"

"Oho. Ina jin mamarsa ake kira."

A kira Mama daga wurin aiki saboda ta faɗi gwaji? Allah ya kiyaye!

Nas ɗin makarantar ita ce Misis Pruitt. Ko ciwon me ka kai mata, ƙullin ƙanƙara take fara ba ka. Ranar nan ta rataye takardar haruffa a bango. Yarinyar ta hango daga layi. Harafin sama ya fito sosai, amma na ƙasa kamar tururuwa. Ta mutsuke ido, ta sake dubawa. Tururuwar suna nan.

Sai ta kasa kunne. Duk yaron da ya karanta, tana bin sa a zuci. Kafin a zo kanta ta haddace tsaf. Aka rufe mata ido ɗaya, ta zuba su. Aka rufe ɗayan, ta sake zuba su.

"Kai, idonki garau!" in ji Misis Pruitt. "Na gaba."

Ta fito tana murna. Amma murnar ba ta kwana ba.

Washegari Mista Haldane ya sauya wa ajin wurin zama. Waɗanda suka kasa karanta haruffan ya dawo da su gaba. Ita kuwa ya kai ta can baya, kusa da inda ake rataye rigunan sanyi.

"Mista Haldane, ai ni na ci gwajin."

"Shi ya sa. Ke ko daga titi za ki hango allo."

Kanta ya ɗaure. Wanda ya faɗi a gaba, wanda ya ci a baya? Wannan wane irin gwaji ne?

Daga baya kuwa allo sai dishi-dishi. Ta kwafi aikin gida, ashe ba shi ba ne. Ta ɗaga hannu ta ba da amsa, yara suka kwashe da dariya, ita ba ta ma san abin dariyar ba. Kullum ta koma gida da ciwon kai. Ta rasa wanda za ta gaya wa.

Ran nan Marisol ba ta zo makaranta ba. Da ma Marisol ɗin ce yarinyar take bi su shiga motar makaranta mai kai su gida. Aka tashi, motoci suka jeru, duk rawaya, duk iri ɗaya. Tasu lamba takwas ce. Ta hango wata mai kama da takwas, ta shige.

Shida ce.

Mota ta yi ta tafiya. Ba gidan mai na unguwarsu, ba cocin da suke wucewa. Yara suna ta sauka, har ta rage ita kaɗai. Tsoro ya kama ta.

Direba ya waiwayo. "Ke 'yar ƙarama, ina ne gidanku?"

"Ban sani ba. Titunan duk sun canja!" Sai ta fashe da kuka.

Direba ya kira makaranta, ya mayar da ita. Mama ta zo a guje da kayan aikinta a jiki. Ta rungume ta tukuna, sannan ta hau faɗa.

Da safe suka je wajen Misis Pruitt tare. Wannan karon takarda mai hotuna ta rataye.

"Me kike gani a layi na uku?"

Yarinyar ta ƙura wa takardar ido. Can ta ce, "A kawo ta haruffan mana. Na fi iya waccan."

Misis Pruitt ta dube ta. "Haddacewa kika yi, ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba na so in faɗi gwajin."

"Ayya, 'yata. Gwajina ba a cin sa, ba a faɗuwa. Idonki ne na tambaya, ke kuma kika amsa a madadinsa. Ni ma da nawa laifin, ya kamata in riƙa canja wa kowane yaro layin da zai karanta."

Misis Pruitt ta haɗa su da likitan ido mai zuwa makarantu. Ba a daɗe ba aka ba yarinyar tabarau. Ta saka, ta juya ta kalli Mama, ta saki baki.

"Mama! Ashe kina da furfura?"

"Rabinta ke kika sa min ranar da kika ɓata," in ji Mama. Duka suka yi dariya, har da likitan.

Tun daga nan yarinyar ta gane abu ɗaya. In nas ko likita ya tambaye ka, ka faɗi gaskiyar abin da kake gani da abin da kake ji. Sai sun sani za su iya taimakon ka.