Banɗakin Da Ke Jiran Hazim

"Ajiye kujerar nan, Narmin."

Narmin ta tsaya a ƙofar banɗaki da 'yar kujerar katako a hannu, ruwa na ɗiga daga ƙafafun kujerar. Surukarta, Hajiya Su'adu, ta tare hanya.

"Mama, ki duba ƙasanta. Funfuna ce, ta yi baƙi ƙirin."

"Shekara talatin mahaifin mijinki yana zama a kanta yana wanka. Ciwon zuciya ne ajalinsa, ba kujera ba."

"Likita ta ce..."

"Likita ta ce gidana ƙazanta ne?"

Narmin ta sunkuyar da kai. Takardar likitan na manne a bayan ƙofa, har ta haddace ta. Tawul ɗinsa shi kaɗai, a canza kullum. Ban da tsohon soso. Ban da katako a wurin wanka. A janye ruwan ƙasa bayan kowane wanka, a bar taga a buɗe. Funfuna kuwa, likitar ta ja mata layi biyu da jan biro.

Kwana uku ya rage a sallamo Hazim. Wata uku ke nan yana kwance a asibiti, an yi masa dashen ɓargo saboda ciwon dajin jini, kuma ta bayan gilashi kawai take ganinsa. Ranar da aka ba ta takardar, likitar ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Garkuwar jikinsa yanzu ta jariri ce. Abin da ni da ke za mu shaƙa mu wuce, shi zai iya kai shi kabari."

Tun daga ranar ta daina iya cin abinci.

Gidan tsoho ne, layi biyu daga bakin teku, kuma danshin birnin Iskandariyya ba ya barin bango ya bushe. Mahaifinta ya ce ta kawo mijinta sabon gidansu. Da ta faɗa wa Hazim a waya, sai ya ce:

"In bar Mama ita kaɗai? Rabin raina, kin san ba zan iya ba."

"In wani abu ya same ka fa?"

"Ai kina nan."

Maganar nan ita ta fi komai ba ta tsoro.

Ta mayar da kujerar ƙarƙashin shawa. Hajiya ta koma kicin, sai ƙarar wuƙa tana yanka ganyen lalo.

Narmin ta shiga aiki. Ta kwashe kwalaben man wanke kai da suka shekara a kan kanta, ta zubar da guntayen sabulu, ta cire labulen roba ta cusa a leda. Ta zaƙulo gashin da ya toshe magudana. Ta kwance kan shawar ta jiƙa shi. Komai ya yi fes, ban da baƙin layin nan da ke tsakanin tayil, daga kusurwa har zuwa ƙarƙashin famfo.

Ta zuba bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta goge da buroshi. Yana nan. Ta sake gogewa har yatsunta suka yi jini. Yana nan, kamar yana kallonta.

Sai ta hango Hazim a ranta, tsaye a wurin, ramamme, yana shaƙar tururi.

A bayan masai akwai wata tsohuwar kwalbar ruwan asid da ake wanke tsatsa da shi. Ta tura ƙofa ta sa sakata, don kada Hajiya ta ji wari ta sake cewa an raina mata gida. Ta tsiyaya asid ɗin a kan bilic.

Wurin ya yi kumfa. Wani wari ya soke ta a hanci kamar allura, idanunta suka cika da ruwa. Ta ja numfashi, numfashin ya ƙi shiga. Ta miƙe za ta buɗe taga, jiri ya kwashe ta, ta dafa bango ta laluba ƙofa. Sakatar ta cije.

Ta ja. Ta sake ja. Hannunta na santsi.

"Mama..."

Muryar ba ta fita ba, sai tari. Ta durƙushe tana dukan ƙofar da tafin hannu. Abin da ya zo mata a rai ba mutuwarta ba ce. Wa zai canza masa tawul? Wa zai tuna da taga?

"Narmin? Me kike yi a ciki?"

Tari kawai.

"Buɗe ƙofar nan. Narmin, buɗe!"

Ta ji takun gudu, sannan wani duka mai nauyi a jikin ƙofa. Na biyu. A na huɗu sakatar ta ɓalle. Hajiya Su'adu, mai ciwon gwiwar da sai a zaune take sallah, ta yar da taɓaryar tagullar da take daka tafarnuwa, ta kama ta ta hammata, ta ja ta a ƙasa har baranda.

"Shaƙi iska. Shaƙi, 'yata. Kada ki yi mini haka. Wallahi kada ki yi mini haka..."

Tsohuwar na yayyafa mata ruwa a fuska. Iskar teku ta fara shiga da ƙyar, kamar ta bakin ƙaramar kwalba.

A cikin tasi, kan Narmin na bisa cinyar Hajiya, wayarta ta yi ƙara. Hazim ne, lokacin kiransa ne na bayan la'asar. Ta girgiza kai. Hajiya ta ɗauka.

"Tana wanka, ɗana. Za ta kira ka."

Tari ya ƙwace wa Narmin.

"Mama, wa ke tari?" Muryarsa ta fito sirit. "Ba ni ita."

Hajiya ta kashe wayar, ta fashe da kuka.

A ƙaramin asibitin unguwa aka sa mata iska, aka saurari ƙirjinta. Likitan ya yi faɗa sosai, ya ce haɗa waɗannan biyun guba ne, mutane na mutuwa a haka. Narmin ba ta jin faɗan.

"Likita, mijina... an ce mai tari ba zai kusance shi ba."

"Wannan ba tarin cuta ba ne, ƙuna ce a maƙogwaro. Ba ya yaɗuwa. Ki sa takunkumi na mako guda don hankalinki ya kwanta."

Da suka fito, Hajiya ta riƙe hannunta ba ta saki ba.

"Kin san dalilin da ya sa ban taɓa zuwa duba Hazim ba? A benen asibitin da yake kwance aka fito mini da mahaifinsa a lulluɓe. Ina kaiwa bakin ƙofa ƙafata ke mutuwa. Kina gogewa, ni kuwa gani nake in na yarda akwai haɗari, to haɗarin ya tabbata."

"Ni ma tsoro nake ji, Mama."

"Na sani. Ni na bar ki kina jin sa ke kaɗai."

Washegari Hajiya da kanta ta kira mai aikin tayil, ya ƙanƙare tsohon simintin ya sa sabo fari. Ita ta hau da kujerar katakon zuwa saman bene, mataki ɗaya ɗaya, ba ta yarda an taya ta ba. Aka sayo ta roba.

Ranar Alhamis Hazim ya dawo. Ba gashi, ba gira, rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya ci lalo cokali uku, ya ce zai yi wanka.

Narmin ta tsaya a bayan ƙofa da sabon tawul a rungume, tana sauraron zubar ruwa. Ruwan ya tsaya. Shiru. Ta ƙwanƙwasa ƙofar.

"Hazim?"

"Shigo."

Yana zaune a kan kujerar roba, sabulu a hannu, yana haki.

"Hannuna ba ya kai bayana."

Ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Ina tsoron in taɓa ka."

"Mama ta faɗa mini komai." Ya ɗago idanunsa da suka faɗa. "Kin kusa mutuwa saboda bango, Narmin. Ni kuma wata uku ba wanda ya taɓa ni sai da safar hannu. Allura ba ta dame ni kamar wannan ba."

Ta gyara takunkuminta. Ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Yana kallonta, bai hana ta ba.

Sannan ta ɗora tafinta a tsakiyar bayansa. Ƙasusuwa ne kawai, amma da ɗumi.

Hazim ya runtse ido, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Na ji maka ciwo?"

"A'a," ya ce. "Kada ki ɗauke."