Tulun Baban Haruna

A bakin kasuwar Gusau Haruna ya fara ganinta, ranar da ya yi ɓarna. Yana juya motarsa ta haya zai koma Bungudu, sai ya ji ƙara a baya. Randa ce ya taka.

Ya fito yana jiran zagi. Mai tukwanen ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa tana tsince tsingaron tana zubawa a bakin zanenta.

"Ki yi haƙuri. Bari in share in zubar."

"Ba a zubarwa," ta ce.

Ya ɗauki gindin randar zai miƙa mata, sai ya ga ƙaramin gicciye da aka zana da farce. Ya dube ta, ya ciro nasa daga cikin riga. A nan ta yi murmushi, gajere, kamar wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Sunanta Lantana. A Tsafe take zaune wurin gwaggonta tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, can bayan 'Yandoto. Daga ranar, Haruna ya zama mai ɗauko mata kaya. Hanyarsa ba ta bi ta Tsafe, amma ya mayar da ita hanyarsa.

Yakan zauna a kan turmi yana kallon aikinta. Takan daka tsingaro ya zama gari, ta cuɗa shi cikin sabon yumɓu.

"In babu tsohon da ya taɓa shan wuta, sabon ba ya jure gashi," ta ce. "Haka Ubangiji ya yi da ni. Ya tsince ni a fashe, bai zubar ba."

Kafin ta fara gini, sai ta kwance wani ƙullin tsumma, ta ɗebi gari da yatsa biyu, ta yi addu'a a hankali, ta barbaɗa.

"Wancan fa?" ya tambaye ta.

Ta mayar da ƙullin ta ɗaure.

"Randar innata ce. A gindinta na iske ta ranar da suka zo. Ita kaɗai na iya ɗaukowa daga gidan."

Da ya isa tasha ya tura mata saƙo: "Maginiyata, yau na dawo da shiru a kaina. Ina son in taya ki ɗaukar wannan ƙullin har ƙarshen raina."

Ta amsa: "Direbana mai fasa randa, yana da nauyi fa."

"Motata ta saba da lodi."

Labarin ƙullin ya riga shi isa Bungudu. Mahaifiyarsa, Inna Rahila, shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, ita ke buga tulu a waƙa. Ta tare shi tun daga ƙofa.

"Yarinyar da ke zuba kayan mamata cikin tukunya? Ba a gidana ba. Ga Hannatu ɗiyar Fasto, mi ta rasa?"

"Inna, ba tsafi ba ne."

"Na san ba tsafi ba ne. Ni dai ban son shan ruwa ina tuna kabari."

Haruna ya san abin da ke ƙarƙashin gadonta. Shekara shida ke nan da aka harbe babansa a gonarsa ta Furfuri, tulun ruwansa a fashe kusa da shi. Inna ta ƙulle ɓaraguzan a tsohon ɗankwali. Ba ta buɗewa, ba ta zubarwa, ba ta kiran sunansa.

Ran Lahadi ta sa shi ya kai Hannatu Gusau, wata 'yar Tsafe ta gan su a gidan gaban motarsa, ta kai wa Lantana labari. Kwana tara Lantana ba ta ɗaga waya ba. A na goma saƙo ya shigo: "Ka bi maganar mahaifiyarka. Wanda yake da uwa bai san abin da yake da shi ba. Allah shi ba ku zaman lafiya."

Ya karanta sau uku. Ya shiga ɗakin Inna, ya ajiye mata wayar, ya fita.

Washegari Inna ta ce ya kai ta Tsafe, za ta kashe maganar da bakinta. A hanya suna wuce gonakin da aka bari, ciyawa ta cinye kunyoyi.

Suka iske Lantana tana cuɗa yumɓu. Ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta tsaya a kanta, idonta a kan ƙullin.

"Ke ba ki jin tsoronshi?"

"Da ina ji, Inna. Wata biyu ban iya taɓa shi ba. Sai na ga in na bar shi a ƙulle, kullum ranar da ta mutu nake gani. In na sa shi a randa, sai in tuna ita ce mai ba duk wanda ya shigo ruwa."

Inna ta koma mota ta zauna, tana kallon gefe guda har Bungudu.

Bayan mako ɗaya ta fito da ɗankwalin, ta ɗora a hannun Haruna.

"Ka kai wa ɗiyata. Ka ce tulun Istifanus ne."

Rabonsa da jin sunan babansa a bakinta tun ranar jana'iza.

Bayan girbi aka ɗaura auren a cocin Bungudu. Maƙwabta Musulmi suka cika rumfa a waje, Malam Bashiru na tasha ya kawo motoci biyu don 'yan Tsafe. Da aka zo waƙa, Inna Rahila ta zauna a gaban zumuntar mata, sabon tulu a cinyarta, ginin Lantana, ja, da gicciye a gindi. Ta buga sau ɗaya. Sautin ya fito mai zurfi, kamar gyaran muryar namiji a zaure.

Ta tsaya. Hawaye na bin kuncinta, ta sake bugawa, mata suka ɗauki waƙa.

Da aka tashi Inna ta haɗa hannuwan ango da amarya a kan bakin tulun.

"Ubangiji shi riƙe ku. Shi ba ku 'ya'ya masu shan ruwa cikin salama. Abin da ya fashe a gidanku, kada ku zubar."

Lantana ta sunkuyar da kai. Haruna ya ce amin, ya ƙara riƙe hannunta. Akwai sauran yumɓu a ƙarƙashin farcenta.