Rijiyar da Amarya Ta Rufe

Hadari ya sauke kayansa ya wuce, rufin kwano yana ɗiga a hankali kamar mai gyangyaɗi. Amarya tana tsaye a bakin rijiya. Da idonta ta ga kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan ya biyo ta ƙofar banɗaki, ya haura gajeren bakin rijiyar ya zuba ciki.

Ita kuwa rijiyar nan a ranta take. Tana budurwa ta shigo gidan ɗiban ruwa, ta leƙa, sai ga fuskar autan gidan kusa da tata a kan ruwan, yana murmushi, gajimare na wucewa ta bayansu. Guga ya suɓuce mata, zuciya ma ta bi shi. Duk da haka yau ta ja murfi ta rufe, ta ɓoye gugan a ƙarƙashin gado, ta sayi ruwa ta tafasa.

"Wa ya rufe min rijiya?" in ji Mama, surukarta.

"Ni ce, Mama. Ruwan kwata ya shiga, kada a sha sai an yashe."

"Iye! Rijiyar da marigayi mijina ya haƙa da hannunsa? Ruwan da na raini mijinki da shi ne yau ƙazanta? Auta! Ko ta fito da guga, ko ta fito da akwatinta!"

Auta ya bi matarsa ɗaki, ya rasa inda zai sa kansa.

"Don Allah, ki ba ta gugan. Na leƙa fa, ruwan ya kwanta, garau yake."

"A ido ne yake garau," ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi ina sonka, ba na son barin gidan nan. Amma gara Mama ta kore ni tana tsaye da ƙafarta, da in zauna ina jinyarta a asibiti."

Ta haɗa akwatin tana kuka, amma ba ta fasa ajiye tafasasshen ruwa a ƙofar Mama ba. Mama kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ta aro guga a maƙwabta, ta yaye murfi, ta zura.

"Yau zan sha a gabanki, 'yar boko!"

Guga ya fito. A cikinsa wani abu ja yana lilo a kan ruwan: silifar Mama ce, wadda take ajiyewa a ƙofar banɗaki, wadda tun da aka ɗauke ruwa take cigiya tana zargin yaran maƙwabta.

Mama ta daɗe tana kallon silifar, sannan ta juya.

"'Yar nan, miƙo min ruwan naki, ƙishi nake ji. Kai kuma sakarai, mayar mata da akwati!"

Aka yashe rijiya, aka zuba magani, aka ƙara wa bakinta tsawo. Ranar da aka buɗe, Amarya da Auta suka leƙa tare, fuskokinsu na rawa a kan ruwa. Sai ga ta uku, ta Mama, ta kutso tsakaninsu, tana dariya.

"Ku matsa, ni ma in ga 'yata."

Mai ƙaunarka da gaske yakan jure fushinka don ya tsare lafiyarka, haƙurinsa kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza.