Ba Dutsen Gugata Ba Ne

Hayaƙi bai gama lafawa ba aka fara watso mata kayanta tsakar gida! Baiwar Allah Mai Guga, wadda ko wata biyar ba ta yi da fita takaba ba, tana durƙushe cikin ruwan da aka kashe gobara da shi, ta ƙanƙame 'yarta ɗaya tilo, hawaye wani na bin wani. Ɗakuna biyu sun ƙone ƙurmus da rana tsaka, har da kayan mutane da ta karɓa za ta goge. Wan mijinta, mai sana'ar ƙanƙara, yana tsaye a kanta yana zare ido.

"Ke ce! Kin bar dutsen guga a jone kin tafi kai kaya. Yau gida kika ƙona, gobe yarinyar nan za ki ƙona mana!"

"Wallahi Yaya na cire shi... da hannuna na cire, har na naɗe wayar..."

Wa zai saurare ta? Surukarta Inna ma, da ta riƙe ta tamkar 'yar cikinta, kawar da kai ta yi. Nan take aka yanke hukunci: ta bar gidan, yarinya kuwa ba inda za ta. Wayyo! Da ƙyar aka ɓamɓare 'yar daga jikinta tana ihun "Umma! Umma!" Kwana tara ta yi a raɓe gidan maƙwabta, masu kaya na zuwa suna yi mata tatas, kukan 'yarta na iso ta ta saman katanga. Ba ta da abin faɗi sai, "Ya Allah, kai ne shaidata..."

Ran na goma Inna ta aika a kira mai gyaran wuta ya sake jan waya. Wan miji ya yi ta kame-kame wai a nemo wani, amma ina, mutumin ya riga ya shigo da jakarsa. Yana buɗe akwatin wuta ya saki salatin da ya tara maƙwabta.

"Inna, zo ki gani! Wannan ita ce bireka. Aikinta ta yanke wuta idan kaya ya fi ƙarfin waya. To ga shi an tsallake ta da wayar tagulla, ko gidan zai narke ba za ta yanke ba!"

Ya bi wayar da ta ƙone har bayan firiza uku na ƙanƙarar wan mijin, ya nuna soket ɗin da ya narke, ya juya ga wan mijin.

"Maigida, ba ni ka kira wata biyu da suka wuce ba, kana cewa birekar nan tana yawan ɗauke maka wuta? Na ce birekar ta tsufa, wayar ta yi ƙanƙanta, a canza su. Ka ce na cika iyayi, kai ma ka iya! Daga nan wutar ta tashi. Ɗakin baiwar Allahn nan ma daga baya ta isa."

Gogan naka sai zufa!

Allahu akbar! Inna ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Da kanta ta je ta kamo hannun Mai Guga, ta shigo da ita gaban jama'a tana kuka.

"Ki yafe min, 'yata, na zalunce ki..." Sannan ta nuna ɗan nata da yatsa. "Kai kuma kana sane ka raba uwa da 'yarta? Kwashi ƙarafunanka ka bar min gida, ɗakinka ita za ta shiga!"

Haka ya fita yana jan ƙonanniyar firiza, ba wanda ya kama masa ko gefe ɗaya. Mata suka ɗauki guɗa, waɗanda suka zage ta jiya suna sunkuyar da kai. Ita dai ba ta ga kowa ba, don yarinyar ta taho a guje ta faɗa jikinta.

"Umma, kin dawo ke nan?"

"Na dawo ke nan, 'yar albarka. Ba mai sake raba mu."