Bakin Faifan Inna Asibi

Ummuhani na zaune a tsakar gida, rinanniyar kaba zube a gabanta, sai ga saurayinta Safiyanu ya yi sallama, fuska a murtuke.

"Baba ya ce ki zaɓa — ko faifai ko ni."

"Haba Safiyanu! Furojet ɗina ne fa na gama jami'a! Tun bara nake bin tsofaffin Makarfi da Kudan ina koyon saƙarsu."

"Na faɗa masa. Cewa ya yi 'yar jami'a ya nema wa ɗansa, ba 'yar tallar faifai ba."

Ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe, amma ba ta mayar da baƙar magana ba, ba ta kuma ajiye kabar ba.

Nan fa ni kawunta, da Allah Ya hore wa basira da kyan hula, na shiga maganar. Ranar da makarantarsu ta baje kolin ayyukan ɗalibai a Zariya, na sami Alhaji Gwadabe, uban yaron.

"Alhaji, manyan malamai na jiranka. Gidanku za a karrama!"

Kafin in rufe baki ya zura babbar riga, Safiyanu na biye da mu.

Muna shiga zauren ya tsaya cak. Fayafayai ne reras a bango kamar taurari, ƙarƙashin kowanne da sunan matar da ta ƙirƙiro zanensa. Ya juyo zai cinye ni ɗanye, sai idonsa ya faɗa kan wani mai baƙar cibiya, an rufe bakinsa da jar kaba a karkace.

"La'ilaha illallahu! Wannan rufin bakin Inna ne! Da irinsa take rufe mana fura!"

Ummuhani ta durƙusa. "Baba, a Gazara na koye shi, wurin wata tsohuwa da ta ɗauki hannun Inna Asibi. Wallahi ban san mahaifiyarka ba ce. Na dai ƙi sa sunana a kan fasahar wata."

Ni kuwa na sani tuntuni. To, ƙarya na yi masa?

Alhaji ya shafa sunan uwarsa a bangon jami'a, matar da ba ta taɓa shiga aji ba, hawaye na bin gemunsa.

"Tashi, 'yata. Safiyanu, in ka bari ta kuɓuce maka, ban yafe ba!"

Bayan saran rake aka ɗaura aure. Ni da na ƙulla komai, ko goro ba a ƙara mini ba!

Ku dai ku riƙe wannan, yara: wanda ya raina sana'ar iyaye, nonon da ya sha ya raina. Haƙuri kuwa saƙar faifai ne, daga cibiya ake farawa, a hankali ake kai baki.