Firintar Appa Ta Ƙi Fitar da Hoto

A garinmu Tenkasi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In an ce ta share ɗaki, sai ta haɗa har da tsakar gida. Ba mugunta ba ce, zumuɗi ne ya yi mata yawa.

Mahaifinta, wanda suke kira Appa, yana da ɗan shagon ɗaukar hoto a gaban gida. A ciki akwai kwamfuta da firinta mai fitar da hotuna.

Ranar bikin Ayuda Puja ta zo, ranar da kowa yake tsabtace kayan aikinsa ya bar su su huta. Direba ya wanke motarsa. Tela ya goge kekensa na ɗinki. Appa ya ɗaura ganyen ayaba a ƙofar shago, sannan ya miƙa wa yarinyar tsumma.

"Firinta taki ce," in ji shi. "Ki goge sama da gefe. Kada ki taɓa wayoyin da ke baya. Kin ji ni?"

"Na ji, Appa."

Ta goge sama. Ta goge gefe. Firinta ta yi fes. Sai ta ɗan leƙa baya, wai don ta gani kawai. Ƙura ce a wurin jibge, har da saƙar gizo-gizo.

"Yaya za a sa wa firintar nan furannin biki a haka?" ta ce a ranta.

Ta waiga, ba kowa. Ta zare baƙar wayar da ta taho daga kwamfuta. Ta goge wayar, ta goge wurin tas. Da ta zo mayarwa, sai ta tsaya cak. Ramuka biyu ne a jere, kuma girmansu kusan ɗaya. Daga wanne ta ciro ta?

"Ina kika shiga ne?" Muryar kakarta ce, wadda suke kira Pati. "Ga furanni sun iso!"

Yarinyar ta cusa wayar a ramin dama. Ta shiga, amma tana lilo kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa.

Pati ta shigo da tire. Ta ɗiga wa kwamfuta ruwan itacen sandal mai ƙamshi, ta ɗiga wa firinta. Ta rataya musu furanni masu ruwan ɗorawa, har suka rufe bayan firintar.

"Shi ke nan," in ji Pati. "Daga yanzu ba mai taɓa komai sai gobe da safe. Wanda ya taɓa, zai gamu da ni."

Yarinyar ta saci kallon firintar. Gobe ba ƙaramar rana ba ce. A ranar ake kai ƙananan yara makaranta karon farko, kuma bana har da ƙaninta Iniyan. Ya daɗe yana jira. Da sabuwar jakarsa ma yake kwana. Makaranta ta ce kowane yaro ya zo da hotonsa, Appa kuma ya ce sai an sa masa sabuwar riga da safe zai ɗauka. Pati ta riga ta duba lokaci mai kyau, da hantsi. In ya wuce, ba za ta bari a kai shi ba sai baɗi.

Aka raba pori, soyayyar shinkafar nan mai kumbura, da mazarƙwaila. Kowa ya ci son ransa. Yarinyar ta ɗebi kaɗan ta ajiye. Ta je ƙofar shago ta dawo. Ta zauna, ta miƙe, ta sake komawa.

"Ke!" in ji Pati. "Cinnaka ne ya cije ki? Me kike nema a ƙofar nan?"

"Ba komai, Pati."

"To zo ki zauna. Kina sa ni jiri."

Sau biyu ta je wurin Appa za ta faɗa masa. Sau biyun ta tarar yana dariya da maƙwabta, sai ta fasa. Ta ce wa kanta, wataƙila ma ramin daidai ne.

Gari ya waye. Aka yi wa Iniyan wanka, aka shafa masa man kwakwa a kai. Ya zauna a kujerar shago cikin sabuwar riga, yana washe baki.

"Akka, kalle ni!" ya ce wa yayarsa, don haka yake kiranta. "Yau zan iya rubutu!"

Appa ya ɗauki hoto. Ya sa shi a kwamfuta, ya danna wurin bugawa. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru.

Ya matso da fuskarsa ya karanta abin da kwamfuta ta rubuta. "Wai firinta ba ta kan layi. Kamar yaya? Ga ta a gabana, ga fitilarta a kunne!"

Ya kashe ta ya kunna. Ya duba takarda, akwai. Ya duba tawada, akwai. Ya leƙa baya ta tsakanin furanni, ya ga waya a soke. Ya kashe kwamfutar ma ya kunna. Ya danna, ya danna, ya sake dannawa.

Yarinyar tana tsaye jikin bango.

Pati ta leƙo. "Rana tana yi fa. 'Ya'yan maƙwabta duk sun wuce."

"Na sani, na sani!" in ji Appa. Ya kira mai gyara a waya. Mai gyara ya ce yana ƙauyensu wurin biki, sai jibi. Ɗayan shagon hoton da ke kasuwa kuwa a rufe yake.

Appa ya dafa firinta, sai ya ji hannunsa ya manne. Ya duba. Mazarƙwaila ce a kan murfin, da ƙwayoyin pori, da shatin ƙananan yatsu.

"Iniyan!" ya daka tsawa. "Kai ka taɓa wannan?"

Iniyan ya daina murmushi. "Pori na ba ta, Appa. Kowa ya ci, ita ba a ba ta ba."

"To ka ba ta ta ƙoshi! Ga shi ka lalata ta. Sai ka zauna a gida, kowa ya huta!"

Iniyan ya kalli Appa. Ya sauko daga kujera, ya cire jakarsa a hankali ya ajiye a ƙasa. Sai ya fashe da kuka. Hawaye suka ɗiga a kan sabuwar rigar.

Wannan kukan ne yarinyar ta kasa jurewa.

"Appa, ba shi ba ne," ta ce. "Ni ce."

Appa ya juyo.

"Na cire wayar baya don in goge ƙura. Da na zo mayarwa, ban san ramin ba. Na sa ta a na dama."

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

"Kuma kina tsaye kina kallona ina ta fama?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ashe wannan ne cinnakan," in ji Pati.

Appa ya ja dogon numfashi. Ya ɗaga furannin, ya juyo da firintar gaba ɗaya.

"Zo ki gani da idonki," ya ce. "Wannan ramin na wayar intanet ne. Bakinsa yana da faɗi, shi ya sa wayarki ta shiga. Amma ba gidanta ba ne, don haka kwamfuta ba ta jin firinta. Duba bakin wayar. Yanzu duba ɗayan ramin. Sun yi kama?"

"Sun yi, Appa."

"To sa da kanki."

Ta sa a ramin hagu. Wayar ta zauna daram, ba lilo. Kwamfuta ta yi ɗan ƙara. Firinta ta yi gurnani, ta ja takarda, ga fuskar Iniyan tana fitowa, guda takwas a jere.

Sai ta ja wata takardar. Ta sake jan wata.

"Kai, kai, kai!" in ji Appa. Ashe duk dannawar da ya yi tana nan a ajiye, tana jiran layi. Kafin ya soke sauran, teburin ya cika da Iniyan.

Iniyan ya daina kuka. Ya leƙa teburin. "Duk ni ne?"

"Duk kai ne," in ji Pati. "Kai ɗaya ma yaya muka ƙare da kai?"

Appa ya durƙusa ya share wa yaron fuska. "Na yi maka tsawa a banza. Yi haƙuri, ka ji?"

Yarinyar ma ta durƙusa. Ta ɗauki jakar ta rataya masa. "Ka yafe mini. Saboda ni ka yi kuka."

"Sai in kin goya ni," in ji Iniyan.

Ta goya shi. Suka fita da sauri, Appa riƙe da hotuna, Pati a baya tana cewa su ɗaga ƙafa. Suka isa ana shirin ɗauke tiren shinkafar da sababbin yara suke fara rubutu a ciki. Malama ta karɓi hoton, ta zaunar da Iniyan. Ta kama ɗan yatsansa, ta ja shi cikin shinkafar, ya rubuta harafinsa na farko.

"Akka, na iya!" ya yi ihu.

Da yamma ƙawayenta suka zo kiranta wasa. Appa ya ce ba inda za ta. Ya ba ta almakashi da tarin hotunan, ya ce ta yanke su ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna ta yanke, ba ta yi gunaguni ba.

"Cire wayar laifi ne, tunda na hana ki," in ji Appa. "Amma shirun da kika yi ya fi shi girma. Da kin faɗa mini jiya, da tun safe na gyara kafin in ɗauki hoto."

Ta ɗauki hoto ɗaya, ta liƙa shi a bayan firinta, daidai saman ramin hagu, don kada a sake mantawa.

Tun daga ranar ta koyi abu biyu. In an hana ta taɓa abu, ba ta taɓawa. In kuma ta yi kuskure, nan take take faɗa, kafin laifinta ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.